A Daina Neman Magabcin Almasihu a Waya, a Yi wa Shugabanni Addu'a

Tun da Rasha ta shiga Yukiren a Fabrairun 2022, aka kuma shiga yaƙin Gaza a Oktoban 2023, wayoyinmu ba su huta da saƙonnin annabci ba. Yau a turo bidiyo a WhatsApp a ce shugaban ƙasa kaza shi ne magabcin Almasihu, gobe a ce wani ne. An faɗi haka a kan Hitila, an faɗa a kan Gorbachev saboda tabon goshinsa, an faɗa a kan Obama. Ko allurar korona ba ta tsira ba, an ce ita ce 666. Mun gaskata Ubangiji zai dawo. Damuwarmu ita ce, wanda ka riga ka yanke cewa na Shaiɗan ne, ba za ka durƙusa ka yi masa addu'a ba.

Mu duba Irmiya sura 28 da 29. Lokacin da Nebukadnezzar ya kwashi mutanen Yahuza zuwa Babila, wani annabi mai suna Hananiya ya ce cikin shekara biyu za a karya ikon Babila. Magana mai daɗin ji, kuma irinta ce ke yawo a wayoyinmu yau. Irmiya kuwa ya aika wa waɗanda ke bauta wasiƙa cewa shekara saba'in za su yi, don haka su gina gidaje, su yi shuka, su roƙa wa birnin nan zaman lafiya, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa. Birnin wanda ya kwashe su ne fa! Haka Bulus ya umarci Timoti, a wasiƙarsa ta fari sura 2, a yi addu'a domin sarakuna da dukan masu mulki. Sarkin Roma a zamanin Nero ne, mutumin da ya ƙona masu bi da wuta. Da almajirai suka tambayi Yesu lokaci, a Ayyukan Manzanni sura 1, ya nuna musu sanin wannan ba nasu ba ne, aikinsu shaida.

Wani zai ce ina ruwanmu da Fadar Kiremlin. Manomin dankali ya san amsa. Rasha tana cikin manyan masu sayar da taki a duniya, kuma da yaƙin ya ɓarke mun ga yadda kuɗin buhu ya tashi a kasuwar Bukuru. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kafin mako ya zagayo kuɗin mota zuwa Terminus ya sauya.

Mu mutanen Kuru ma ba mu da uzuri. Tun 1979 cibiyar NIPSS take nan ƙofar gidanmu. Kowace shekara manyan sojoji, 'yan sanda da manyan ma'aikatan gwamnati suna zuwa su yi watanni suna nazarin yadda za a tafiyar da ƙasa, su fita da lambar mni. Janar Babangida ya zauna a nan kafin ya hau mulki a 1985. Muna ganin motocinsu suna wucewa, matanmu suna sayar musu da kayan miya. Sau nawa aka ambace su a addu'ar ranar Lahadi?

Addu'a ba ta hana faɗin gaskiya. Ba mu manta da Kuru Karama a Janairun 2010 ba, inda maƙwabtanmu Musulmi da yawa suka rasa rayukansu, ba mu manta da jajibirin Kirsimetin 2023 a Bokkos da Barkin Ladi ba. Daniyel ya yi wa sarkin Babila aiki, amma ya ce masa ido da ido ya bar zunubi ya ji tausayin matalauta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne addu'ar jam'iyya: namu ya ci zaɓe a yi azumi dominsa, na wasu ya ci a koma la'ana.

Saboda haka muna roƙon fastocinmu, zumuntar mata da shugabannin matasa, a riƙa kiran sunaye a sujada: Shugaba Tinubu, Gwamna Caleb Mutfwang, Gbong Gwom Jos, shugaban ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, da masu mulki a Amurka, Rasha, Sin, Isra'ila da Iran. Wanda kuma aka turo wa bidiyon da ya sa wa ƙarshen duniya rana, ya kai wa fastonsa su buɗe Matiyu 24 tare kafin ya tura mana shi a zaure.

Daga sakataren ƙungiya