Kwalbar Turare Da Alƙawarin Farin Jini

Makon jiya na shiga mota daga Gusau zan je ɗaurin aure a Tsafe. Kafin mota ta cika, sai ga wani saurayi da faranti shaƙe da kwalabe, ya leƙo ta taga ya dubi ɗalibin da ke gefena ya ce: "Maigida, wannan idan ka fesa, ba ka yi magana ba ma su za su biyo ka." Motar ta ɗauki dariya, ban da wata dattijuwa da ke kujerar baya da 'yarta budurwa. Ɗalibin ya ƙirga kuɗi ya saya. Ni kuwa har muka isa ina juya kalmar nan "su" a raina. Su wa? Kuma wa ya tambaye su?

Turare ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san almiski da sandal da ɗan goma, kuma malamai sun karantar da mu cewa shafa shi ranar Juma'a sunna ce. Dattijo a Bungudu yakan ɗiga shi a babbar riga domin kada ya cutar da wanda zai tsaya kusa da shi a sahu. Manufar ita ce tsabta da girmama jama'a. Abin da ya sauya shi ne harshen talla, wanda ya ɗauke turare daga babin mutunci ya kai shi babin farauta.

Wannan salo yana da tarihi. A 1983 kamfanin Unilever ya fito da turaren feshi na Axe a Faransa, wanda a Ingila ake kira Lynx. Shekara da shekaru tallarsa labari ɗaya take maimaitawa: yaro marar kwarjini ya fesa, mata su fita hayyacinsu su bi shi a guje. A 2011 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu tallolin Lynx saboda ƙasƙantar da mata. A 2016 kamfanin da kansa ya sauya akala, ya koma cewa kowane namiji ya nemi abin da ya keɓanta da shi. Abin mamaki, kamfanin nan ne dai ya mallaki sabulun Dove, wanda tun 2004 yake wa mata huɗubar su yarda da surar da Allah ya ba su. Ɗan kasuwa yana kallon inda riba take ne, ya yi magana da bakin da ya dace da wurin.

Kada mu ɗora laifin duka a kan Turawa. Tun kafin wayar hannu, masu magani da lasifika suna yi mana alƙawarin farin jini da mahabba a kasuwanninmu. Tallar zamani ta tarar da gona a share, ta yi shuka. A Zamfara, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, da wuya ka ga allon talla da hoton mace tsirara a bakin titi. Amma allon ya koma cikin aljihu. A TikTok da Facebook da WhatsApp, mai sayar da turaren Dubai yana faɗa da tsantsar Hausa abin da ba zai iya rubutawa a ƙofar shagonsa ba.

Mutum biyu wannan talla take cuta. Ta farko ita ce mace, wadda aka mayar kamar ƙudan zuma, ƙamshi kawai take bi, ba ta da hankalin zaɓe balle ikon cewa a'a. Saurayin da ya haddace wannan darasi, ranar da yarinya ta ƙi kula shi a hanyar makaranta, ba zai ga haƙƙinta ba ne, zai ga raini. Na biyu shi ne namijin kansa. Sai an fara shuka masa shakka cewa bai isa ba, sannan a sayar masa da magani a kwalba. A jihar da matsalar tsaro ta raba iyaye da gonakinsu, ɗalibi ya kwashe kuɗin abincin mako ya sayi alƙawarin da ba mai cika shi.

Ba ina kiran a rufe shagon kowa ba ne, neman halak ne suke yi. Akwai hukumar ARCON da dokar 2022 ta ɗora wa alhakin tantance talla a Nijeriya, sai dai ba ta da jami'in da zai tsaya a kowace tasha. Aikin namu ne. Mai talla ya faɗa mana abin da ke cikin kwalba: da giya ko babu, awa nawa yake kamawa, yana ɓata farar shadda ko a'a. Mai saye kuma ya tambayi kansa ko zai so a yi wannan kirari a kan ƙanwarsa.

Da muka sauka a Tsafe, dattijuwar nan ta dubi ɗalibin ta ce: "Ɗana, Allah ya sa halinka ya fi shi ƙamshi." Ba wanda ya yi dariya.