Watannin Da Muke Tsallakewa A Labarin Ɗan Boko Mai Dawowa Daga Waje



Akwai wani saurayi da duk mun san shi, domin mu muka haife shi da alƙalumanmu. A shafi na uku ya tafi Landan karatu. A shafi na biyar jirginsa ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. A shafi na shida ga shi nan kan kujera mai juyawa a kamfanin Abbansa, yana sa hannu a kwangilar miliyoyi. Ba mu taɓa tambayar kanmu inda ya koyi aikin ba. Ra'ayinmu a yau shi ne, abin da muke tsallakewa ya fi abin da muke rubutawa daraja, kuma tsallaken namu yana cutar da ƙannenmu masu karanta mu, waɗanda suke ɗauka cewa kwalin digiri kaɗai ke ɗora mutum a kan kujera.

Abin da muke tsallakewa shi ne horon sanin makamar aiki, wato watannin da ɗalibi yake yi a wani kamfani ko ƙungiya yana koyon aiki da hannunsa. Bari mu ɗauki fanni guda, fannin tafiyar da ayyuka. Aiki a nan yana nufin duk abin da ke da ranar farawa da ranar gamawa da kasafin kuɗi: gina asibiti, ƙirƙirar manhajar waya, gangamin riga-kafi. Mai tafiyar da shi yana riƙe da igiyoyi uku, lokaci da kuɗi da girman aikin, kuma da ya ja ɗaya sauran biyun za su motsa. In aka ce a gama da wuri, kuɗi zai ƙaru ko a rage abin da za a yi.

Ɗalibin da ya samu gurbi a irin wannan ofis ba ya fara da ba da umarni. Shi ne mai rubuta abin da aka tattauna a taro, da wanda ya ɗauki alkawarin me, da ranar cikawa. Shi ne mai sabunta jadawalin Gantt, zanen nan mai layuka a kwance da ya samo suna daga injiniyan Amurka Henry Gantt, wanda ke nuna aikin da dole ya ƙare kafin wani ya soma. Shi ne mai bin injiniyoyin da suka girme shi da shekara ashirin yana tuna musu cikin ladabi cewa rahotonsu ya makara. Yaron da aka rene shi kan kada ya ɗaga ido gaban babba, yau an ce ya faɗa wa babba cewa lissafinsa bai daidaita ba. Ashe wannan bai isa babi guda a littafi ba?

Masu fannin kansu sun yarda cewa aji ba ya wadatarwa. Cibiyar PMI, wadda aka kafa a Amurka a 1969, ba ta barin mai digiri ya zauna jarrabawar shaidarta ta PMP sai ya nuna wata 36 na jagorantar ayyuka. Ƙaramar shaidarta, CAPM, ita ce ake samu ba tare da gogewa ba, bayan awa 23 na darasi. Ke nan saurayin namu na shafi na shida ko ƙofar ɗakin jarrabawar bai kai ba.

Samun gurbin ma yana da dokoki, kuma kowace ƙasa da tata. A Amurka, mai bizar karatu ta F-1 yana buƙatar izinin da ake kira CPT kafin ya yi horo a wajen makaranta yayin karatu, kuma yawanci sai ya cika shekarar karatu guda. Bayan kammalawa akwai OPT na wata 12, da ƙarin wata 24 ga masu fannonin kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi. Wanda ya yi wata 12 cur yana CPT na cikakken lokaci ya rasa damar OPT. A Ingila, ɗalibin digiri ba ya wuce awa 20 na aiki a mako lokacin zangon karatu. Tun 2021 akwai bizar zama neman aiki ta shekara biyu bayan kammalawa, amma a 2025 gwamnati ta sanar da rage ta zuwa wata 18. A Jamus, ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba yana da cikakkun kwanaki 140 na aiki a shekara, sai dai horon da tsarin karatunsa ya wajabta ba ya shiga wannan lissafi. A Faransa, inda 'yan uwanmu na Nijar suka fi sani, sai an rattaba hannu a yarjejeniya tsakanin ɗalibi da makaranta da kamfani, kuma horon da ya haura wata biyu dole a biya ɗalibin alawus. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'a shi ne wurin tambaya, ba dillali ba.

Mun ambaci dillali da gangan. Akwai kamfanonin da ke karɓar dubban daloli don sama wa ɗalibi gurbin horon da ba a biyan ko sisi, kuma masauki da abinci duk a wuyansa. Akwai kuma 'yan damfara tsantsa. Iyalin da suka sayar da gona don ɗansu ya tafi sun cancanci sanin cewa akwai hanyoyin da suka daɗe, irin su IAESTE da aka kafa a 1948 don musayar ɗaliban fasaha, da shirin Erasmus+ mai tallafa wa ɗaliban jami'o'in Turai su yi horo a wata ƙasa, ga kuma ofishin neman aiki na jami'ar kanta. Su kuma san cewa aiki ba tare da izini ba yana iya jawo soke biza, a yi asarar karatun gaba ɗaya.

Wani zai ce, ai mu ma muna da SIWES da hukumar ITF ta kafa tun 1973, me ya kai mu yabon na waje? Gaskiya ne, kuma ɗalibin da ya samu wurin kirki a Kaduna zai fi wanda ya tafi Turai ya ƙare da haɗa shayi. Su ma Turawa aiki yana kuɓuce musu. Filin jirgin saman Berlin da aka shirya buɗewa a 2011 sai a 2020 ya fara aiki. Gidan wasan Opera na Sydney an kiyasta shi a kan dalar Ostireliya miliyan 7, ya ƙare a miliyan 102 a 1973, shekara goma bayan wa'adinsa. Amma a lura, mun san waɗannan alƙaluma ne saboda an rubuta su, an bincika, an bayyana inda aka yi kuskure. Wannan ɗabi'a ta rubuta komai da faɗin mummunan labari da wuri ita ce babban abin da ɗalibi zai iya ɗaukowa. Ƙasar da kamfanin ƙarafanta na Ajaokuta, wanda aka soma a 1979, har yau bai kammalu ba, tana buƙatar masu wannan ɗabi'a.

Wani kuma zai ce, da yawansu ba sa dawowa, waɗanda suka dawo ma sai su tarar da wurin da ba a sakin kuɗi kan lokaci, jadawali ya zama ado a bango. Wannan ma gaskiya ne, ba mu da maganinsa a aljihu. Amma muna ganin masu ɗaukar nauyin ɗalibai, irin su PTDF da gwamnatocin jihohi kamar Kano, ya dace su riƙa fifita kwas ɗin da ke da horo a cikinsa, su kuma nemi rahoton abin da ɗalibi ya yi, ba kwali kaɗai ba.

Mu kuma marubuta, namu ya fi sauƙi. A unguwanninmu akwai waɗanda suka yi karatu a Indiya da Malesiya da Turkiyya da Ingila. Mu zauna da su mu tambaye su: takardun neman gurbi nawa suka aika kafin a amsa ɗaya? Yaya suka nemi izinin fita sallar Juma'a a makon farko? Wane kuskure suka yi da har yau suke jin kunyarsa? Daga nan sai mu mayar da saurayin namu shafi na huɗu, mu bar shi ya manta aika takardar taro, shugabarsa ta kira shi ofis, ya koma ɗakinsa cikin sanyi yana lissafin kuɗin haya. In ya hau kujerar nan a ƙarshen littafi, mai karatu zai san abin da ya biya.

Duk wanda ya taɓa yin irin wannan horo a cikinmu, muna jiran labarinsa.