A Ware Wa Yara Filin Tseren Jirage

Tun 2016 Hukumar NCAA ta hana tayar da jirgi mara matuƙi sai da izini. To, ina makomar yaran Arewa masu ƙera ƙananan jirage da soso, suna sarrafa su da rimot?

A ƙasashen waje tsere ake yi da irinsu. Ƙungiyar FAI ta ce kada jirgin ajin F3D ya gaza kilo 2 da kwata. Dalili kuwa, mai neman gudu yakan yi ta rage jikin jirgi har fiffike ya karye a sama, ya faɗo kan 'yan kallo.

Ya kamata hukumar Abuja ta ware musu fili wajen Bwari, nesa da filin jirgin sama, a ajiye sikeli a bakin ƙofa.