A Kai Wa Manomin Ɗanbatta Hasashen Damina

Kowace shekara, tun kafin ruwa ya sauka, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina: lokacin da ruwa zai zauna da lokacin da zai ɗauke. Amma manomin Ɗanbatta da ya shuka gero da ruwan farko, fari ya biyo baya shuka ta ƙone, wa ya sanar da shi? Bayanin yana can a intanet.

Muna kira ga hukumar bunƙasa noma ta KNARDA da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da su kai hasashen kasuwar Lahadi da masallatan Juma'a, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa. Manoman rani a madatsar Thomas ma suna da haƙƙin sanin ruwan da ya rage kafin su dasa tumatir.