An Ba Mu Ɗaki, An Tafi da Mabuɗi

Duk wanda ya sayar da kwamfuta, ko ya ba da ita kyauta, alhali ya bar kalmar sirrinsa a kanta, bai gama ciniki ba, bai kuma gama kyauta ba. Ya miƙa ƙarfe da roba, ya riƙe amfanin. Wannan magana bai kamata ta nemi hujja ba. Amma ga shi kwamfutocin hannu da suka gama aiki a bankuna da kamfanoni da porje-porje suna ta faɗowa hannun malamai da ƙungiyoyin al'adu, daga Yamai har Damagaram, wasu an saye su a kasuwa, wasu an miƙa su da biki da jawabi, kuma a cikinsu akwai waɗanda in an kunna ba su nuna komi sai hoton ɗan kwaɗo da gurbin rubuta kalmar da ba wanda ya sani. In mai ita ya nemi ya buɗe, shi ake yi wa kallon ɓarawo. Wannan juyin laifi ya daɗe yana cin mu, ƴan'uwa malamai, lokaci ya yi da za a maida shi kan mai shi.

Mu fara da sanin kwaɗon. Kafin Windows ko wani tsarin aiki ya tashi, akwai wata ƙaramar manhaja da ke farkawa tukuna. Tana zaune cikin wata ƴar ƙwaya da aka manne a kan uwar allon na'urar. Da can sunanta BIOS, sabon salonta kuwa UEFI. Ita ke duba sassan na'ura, ita ke yanke daga ina za a tashi: daga faifan ajiya na ciki, ko daga kile USB da aka soka. Ma'aikatu kan sa kalmar sirri a wuri uku. Ta farko tana hana na'urar tashi sam. Ta biyu, wadda ake kira ta mai kula, tana barin ta tashi amma tana hana a taɓa komi cikin tsarinta, kuma sau da yawa an riga an toshe hanyar tashi daga kile. Ta uku tana kan faifan ajiya da kansa. Ta biyun nan ita ce mai yaudara. Mai saye ya ga na'ura ta kunnu lafiya, ya biya, ya tafi gida. Sai ran da Windows ya lalace, ya nemi ya sake ɗora wani, sannan ya tarar da ƙofa a kulle.

A tsofaffin kwamfutocin tebur abin bai da wuya. A cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, a jira kaɗan, a maida shi, na'ura ta manta da kalmar. Kwamfutocin hannu da aka ƙera don ma'aikatu ba haka suke ba, domin an ajiye kalmar a wurin da rashin wuta ba ya share ta. Kamfanin Lenovo ya faɗa ƙarara cikin littattafan ThinkPad cewa in aka manta kalmar mai kula ba ya iya warware ta, sai dai a sake uwar allo gaba ɗaya, a nuna takardar saye, a kuma biya. Dell na ba da lambar buɗewa, amma sai ya tabbatar mai nema shi ne mai kayan, kuma sunan da ke rubuce a wajensa na ma'aikatar da ta saya tun farko ne in ba a sauya shi ba. Apple, game da na'urorinsa masu ƙwaƙwalwar Intel, yana neman a kai na'urar da hannu shagonsa ko wurin mai gyaran da ya amince da shi, tare da rasiɗin asali. Kamfanin ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a nahiyar Afirka, sai wakilai masu izini a wasu manyan birane. To, mushen da ke koyarwa a wani ƙauye na jihar Tawa, wanda ya tara albashinsa ya sayi na'urar da ta ratsa hannu huɗu kafin ta iso shi, ina zai samo rasiɗin asali?

Ban da wannan, an ƙaro wani kwaɗo da ba ya zaune cikin na'urar ma. Tun 2017 Microsoft ya fito da Autopilot, inda ma'aikata ke rajistar kwamfutocinta a rumbun kamfanin. Ko an share faifai an ɗora sabon Windows, da zarar na'urar ta shiga intanet a lokacin saiti sai ta nemi sunan ma'aikaci da kalmarsa. Apple ma ya kawo makullin kunnawa cikin kwamfutocin Mac a 2019. Cire na'ura daga irin wannan rajista aikin ƴan mintoci ne ga ma'aikatar da ta sa ta. Ga wanda ba ita ba kuwa, abu ne mai wuya in bai koma wurinta ba.

Me ya sa maganar ta ƙara zafi yanzu? Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafin yau da kullum. Windows 11, da ya fito a 2021, yana neman ƙwayar tsaro TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, saboda haka na'urori masu ɗimbin yawa, lafiyayyu garau, sun zama tsofaffi a idon ma'aikatu. Irin su ne ke gangarowa kasuwanninmu. Na'urar da ta kasa ɗaukar Windows 11 tana iya ƙara shekaru tana aiki da Linux, wanda kyauta ne. Har akwai wani salonsa, Emmabuntüs, da aka soma a Faransa a 2011 musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci a ba ƙungiyoyi. Amma Linux daga kile ake ɗora shi, kuma hanyar kile ita ce kwaɗon ya toshe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Asarar ta fi taɓa mu, masu rubutu da harsunan ƙasa. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Malamin da zai buga darasi yana buƙatar allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ƙungiyar da ke tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin baka tana buƙatar manhajar gyaran murya. Yawancin irin waɗannan manhajoji sai da izinin mai kula ake sa su, izinin kuwa yana hannun wani ma'aikacin da ya manta ma ya taɓa ganin na'urar. Maganin shi ne a share komi a fara sabo. Nan ma kwaɗon ke tsaye.

Masu kare kwaɗo suna da hujjoji uku, kuma ba zan raina su ba.

Ta farko ita ce sata. Suna cewa in kowa na iya buɗe kwaɗo, ɓarawo ya sami kasuwa. Gaskiya ne ana satar kwamfutoci, gaskiya ne kuma makulli na rage kwaɗayin ɓarawo. Muddin na'ura tana bakin aiki, a kulle ta da kwaɗo bakwai, ba wanda zai ce uffan. Ma'aikacin da ya bar aiki ya riƙe kwamfutar ofis ba da izini ba, ya maida ta, ba shi da wata magana. Amma ranar da ma'aikata ta cire na'ura daga lissafin kayanta, ta karɓi kuɗi ko ta karɓi godiya, daga ranar kwaɗon ba ya tsare dukiyar kowa. Yana tsare sabon mai ita ne daga abin da ya mallaka. Wanda ya sayar da gida ya tafi da mabuɗi ba ya da bakin kiran sabon mai gida ɓarawo don ya kira maƙeri.

Ta biyu ita ce sirrin aiki: lissafin banki, sunayen marasa lafiya, takardun porje. Wannan hujja tana da nauyi a baki, amma ba ta da alaƙa da kwaɗon BIOS. Bayanai a kan faifai suke. Wanda ya kwance ƙusoshi ya zare faifan ya sa shi a wata na'ura zai karanta abin da ke ciki in ba a rufe shi da lambobi ba, ko BIOS na kulle ko yana buɗe. Abin da ke tsare sirri shi ne rufe faifai da irin su BitLocker tun ana aiki da shi, sannan a share shi sarai ko a cire shi kafin a fitar da na'ura. Ma'aikatar da ta bar kalmar BIOS tana cewa sirri take tsarewa, ko dai ba ta san aikinta ba, ko kuwa tana rufe kasalarta da babbar kalma.

Ta uku tamu ce, mu ke faɗa wa junanmu ita: ai kyauta ba a raina ta. Wannan ladabi ne mai kyau tsakanin maƙwabta, amma an maida shi takunkumi. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A ƙasashen da ke da doka mai tsanani, zubar da irin wannan shara kuɗi ake biya. Aika ta wani wuri da sunan taimako kuwa har yabo ake samu. Afirka ta san wannan hanya tun 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a Koko ta Najeriya. Shi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda Nijar ke cikinta, don hana shigo da shara mai haɗari. Tun 1 ga Janairu 2025 kuma, gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Basel ya wajabta neman yardar ƙasar da za a kai wa sharar lantarki kafin a aika. Abin da ke raba kayan hannu na biyu da shara shi ne ko suna aiki. Kwamfutar da ba ta wuce hoton kwaɗo, wadda buɗe ta ke neman sabon uwar allo da ya fi ta tsada, a wane ɓangare za mu sa ta? Wanda ya ɗauke wa wani sharar gidansa, shi ya cancanci godiya.

Saura laifin da ke wuyanmu. Sau nawa ake karɓar kwalaye a gaban hukuma, a ɗauki hoto, a yi tafi, ba wanda ya kunna ko guda? Sau nawa shugaban ƙungiya ya gano na'urorin a kulle suke ya yi shiru, ya jera su cikin kabad, don kar ya ɓata wa mai bayarwa rai ya rasa ta gaba? Shirun nan shi ke koya wa masu bayarwa cewa ba sai sun wahala ba. A kasuwa ma muna cinikin biri a sama: mu ga allo ya yi haske, mu ƙirga jikkuna mu miƙa. Alhali fiƙihun da muka karanta a zaure da dokar ƙasa duka sun ba mai saye damar maida kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Kwaɗon da ba a faɗa ba aibi ne ɓoyayye.

Abin da nake kira gare shi ba ya neman kuɗin kowa. Kada makaranta ko ƙungiya ta sa hannu kan takardar karɓa sai an kunna kowace na'ura a gabanta, an shiga tsarin BIOS, da F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP, an ga ba a nemi kalma ba, an kuma tashe ta daga kile. Mai bayarwa ya ba da takarda mai hatimi da ke ɗauke da lambar kowace na'ura, wadda ta ce an sallama ta kuma an cire ta daga rajistar ma'aikata. Ma'aikacin da aka sayar wa kwamfutar aikinsa ya nemi a cire kalmar tun yana da hanyar shiga ofis, kafin ya zama baƙo a bakin ƙofa. Wanda kuma ya riga ya shiga tarkon, ya fara da rubuta wa tsohuwar ma'aikatar, domin a wajenta buɗewa ba ta da wahala, sannan ya nemi kamfanin da ya ƙera da takardunsa a hannu.

In duk waɗannan ƙofofi sun ƙi buɗuwa, ya kai wa mai gyara, kansa a sama. Akwai samari a Maraɗi da Yamai da suka koyi karanta ƙwayar nan da sake rubuta ta, aiki mai neman natsuwa, wanda kuskure kaɗan a cikinsa ke kashe na'ura, shi ya sa ba a ba kowa shi. Waɗannan samari maƙeran zamaninmu ne, kuma kamar maƙeri na gari, wajibinsu ne su tambayi takardar saye kafin su taɓa kwaɗo. Wanda ya buɗe wa ɓarawo ya zama abokin sata, ya kuma ba masu zarginmu hujja. Wanda ya buɗe wa mai kaya kayansa ya ƙarasa aikin da babbar ma'aikata, da injiniyoyinta da kasafinta, ta kasa ƙarasawa.

Ku kuma masu bayarwa, bankuna da kamfanoni da porje-porje: in ba ku da mintoci goma na cire kalmar da ku kuka sa, ku riƙe kwamfutocinku, ku biya kuɗin zubar da su a inda kuka more su. Ƙungiyoyinmu na malamai da na al'adu su rubuta wannan sharaɗi cikin dokokinsu tun kafin kwalaye na gaba su iso, su kuma karanta wa duk wanda ya zo da kyauta, kafin a ɗauki hoto.