Majami'ar Da Ta San Mai Ciwo Ita Ce Gida

Sharhinmu na yau ya leƙa majami'un Gusau da Tsafe da Bungudu, ya tsaya a kan mutumin da ya fi kowa buƙatar wurin zama a cikinsu, wato mai fama da doguwar jinya.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Wanda ciwo ya kwantar shekara da shekaru shi ya san nauyin wannan magana. Da farko gida cika yake da masu dubiya, kowa da ledar lemu da ayaba. Bayan wata uku ƙafa ta fara ɗaukewa. Bayan shekara sai raɗe-raɗi: wai jifa ne, wai wani zunubi ne ya kama shi. A nan ne ciwo na biyu yake shiga, ciwon kaɗaici, kuma sau da yawa ya fi na jiki cin rai.

Akwai wata dattijuwa da na sani daga wani ƙauye a ƙasar Tsafe, wadda rashin tsaro ya koro zuwa Gusau. Kuturta ta cinye mata yatsu tun tana budurwa, kafin magani ya kai gare ta. Ta warke tuntuni, amma tabon yana nan. Ta gaya mini cewa ta daɗe tana zuwa sujada tana zama can bakin ƙofa, hannuwanta cikin mayafi, ana tashi ta sulale. Ranar da ta san ta sami gida ba ranar wani babban wa'azi ba ce. Ranar jibin Ubangiji ce. Gurasa ta kasa tsayawa a dungulmin hannunta, ta faɗi. Sai matar da ke kusa da ita ta tallafo hannun nan da nata hannu biyu, ta ce, "Baba, bari mu riƙe tare." Da yamma matan zumunta suka bi ta har ɗakin da take haya, da kwanon tuwo da miyar kuka, suka zauna a tabarmarta, suka sa hannu a kwano ɗaya da ita. Ta ce tun rasuwar mijinta babu wanda ya ci abinci tare da ita sai ranar.

Abin da matan nan suka yi, gado suka riƙe. Duk wanda ya san tarihin Kiristanci a ƙasar Hausa ya san cewa wani babban sashensa a bakin gadon asibiti ya tsiro. A wajajen 1937 'yan mishan na SIM, waɗanda ikkilisiyar ECWA ta fito daga aikinsu a 1954, suka karɓi kula da sansanonin masu kuturta na Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina. A lokacin Gusau da Tsafe da Bungudu duk suna cikin Lardin Sakkwato, don sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Mutanen da dangi suka keɓe wa ƙwarya da bukka a bayan gari, a sansanonin nan suka sami mai wanke musu gyambo, wasu suka koyi karatu, wasu suka zama ma'aikatan jinya da masu bishara. A ɓangaren Katolika kuma, sistocin Dominikan sun iso Gusau daga Amurka a 1956, suka kama aikin jinya da koyarwa. Majami'ar da ta fito daga irin wannan tushe, idan ta bar mai ciwo a bakin ƙofa, ta manta asalinta.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa tun 1932, bai ɓoye wannan batu ba. Annabi Ayuba, wanda Musulmi da Kirista duk suke buga misali da haƙurinsa, abokansa sun yi daidai muddin suna zaune shiru tare da shi. Sun ɓata ne da suka fara lissafa masa laifin da suke zaton ya jawo masa masifa. A Linjilar Yahaya, da almajirai suka tambaya ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, Yesu Almasihu ya kawar da wannan zato gaba ɗaya. A Linjilar Markus kuwa, kuturun da ya roƙe shi, hannu ya miƙa ya taɓa shi. Manzo Bulus ma ya roƙi a ɗauke masa wata ƙaya a jikinsa har sau uku, ba a ɗauke ba, kuma babu mai cewa bangaskiyarsa ce ta gaza.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawan ikkilisiya su yi hattara da wa'azin da ke nuna cewa duk wanda bai warke ba, imaninsa ne bai kai ba. Irin wannan magana tana tura mai amosanin jini ko mai shanyewar ɓarin jiki gida da kaya biyu a ka. Tana kuma sa wasu su ajiye magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, an gano haka tun 1873, kuma ana warkewa da haɗin magunguna na wata shida ko goma sha biyu, waɗanda ake bayarwa kyauta tun 1995. Wanda ya fara shan magani ba ya yaɗa ta. Duk wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓawa, ya garzaya asibiti mafi kusa kafin jijiya ta lalace.

Aikin da ke gaban majami'unmu ba ya buƙatar miliyoyi. A gyara matakalar ƙofa yadda keken guragu zai shiga. A ware wani abu daga baiko don kuɗin mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. A rubuta sunayen waɗanda suka daina zuwa sujada, a raba wa matasa da matan zumunta, a bi su gida, domin zumunta a ƙafa take. Sannan a ba mai ciwo aiki: ya karanta nassi, ta shiga mawaƙa, ya ba da shawara a taron dattawa. Mutum ba ya jin ɗan gida ne sai ranar da aka nemi wani abu a hannunsa.

Maƙwabtanmu Musulmi sun san ladar dubiya, kuma a unguwannin Gusau sau tari maƙwabcin da ya fara kai mara lafiya asibiti da tsakar dare ba a tambayi addininsa ba. Wannan alheri ne da ya kamata mu riƙe da kyau a wannan lokaci da rashin tsaro ya cika gari da gwauraye da marayu da masu raunuka.

Dattijuwar nan ta Tsafe yanzu a sahun gaba take zama. Ba ta iya riƙe littafin waƙa, amma ta haddace waƙoƙin, kuma ita ke tayar da murya idan an fara. Ranar Lahadi mai zuwa, kafin ka nemi wurin zamanka, ɗan'uwa, waiwaya bakin ƙofa ka ga wane ne ke zaune can shi kaɗai.

Sharhin ke nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba Zamfara zaman lafiya.