Mu Gyara Makiyayar Bakin Kara Kafin Shanu Su Ƙare A Hannunmu

Duk wanda ya taɓa sayen sa a Sinkase ko Dapango cikin watan Maris, ya tsare shi kwana goma yana jiran mota ta cika, ya san abin da za mu faɗa. Tozo ya kwanta, haƙarƙari ya fito, kafin a wuce Sokode a kai Lome, tafiyar fiye da kilomita 600, mahauci ya riga ya sami abin da zai karya mana farashi da shi. Mukan ce rani ne. To, a ganinmu ba rani kaɗai ba ne, ƙasar da ke kewaye da kasuwanninmu ce ta gaji.

Dattawanmu sun san lokacin da gamba ke shanye mutum a tsaye a waɗannan wurare. Yau sai tofa da ƙasa fayau. Shanu sun yi yawa a wuri ɗaya, musamman tun 2022 da rashin tsaro ya tsananta a yankin Kpendjal, ya takura makiyaya. Ga kuma wutar daji da ake cinnawa kowace shekara. Malaman gona sun bayyana cewa idan ciyawa ta ƙone, sinadari biyu ne ke bin hayaƙi su tafi: naitirojin, wanda masu Faransanci ke kira azot, da farar wuta. Toka takan riƙe sauran, amma waɗannan biyun ba sa dawowa da kansu sai kaɗan-kaɗan, kuma su ne ciyawa ke gina abin da ke sa wa dabba nama.

A nan ne da yawa ke kuskure. Mutum ya sayi yuriya ya watsa, ya ga bai sami yadda yake so ba, sai ya ce takin zamani ƙarya ne. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, amma babu farar wuta a cikinta ko ƙwaya ɗaya. Takin da ake kira salfa na amoniya shi ke ɗauke da duka biyun, kashi 21 naitirojin, kashi 24 farar wuta. Ciyawa ba ta bukatar farar wuta da yawa, buhu ɗaya na salfa ya ishi buhun yuriya huɗu ko biyar, sai dai in babu ita, kamar tuwo ne ba gishiri a miya. Alamar ma a fili take: in tsofaffin ganye na ƙasa ne suka yi rawaya, naitirojin ne ya gaza, in sabbin ganye ne na sama, a tuhumi farar wuta.

Wani zai ce, a 2022 buhun taki mai tallafin gwamnati ya kai sefa 18,000, manomin masara ma da kyar yake samu, mu ne za mu zuba wa ciyawa? Gaskiyarsa, in dajin Allah ake nufi. Wanda ya zuba taki a makiyayar da ba shinge ya yi wa garken da ya fara isowa sadaka, kuma ba irin sadakar da aka yi niyya ba.

Abin da muke kira gare shi daban ne. Ƙungiya ta nemi fili a hannun sarakuna da masu ƙasa, da takarda da shaidu, hekta huɗu ko biyar kusa da kara a Dapango, haka kuma a Sokode, inda ruwan sama ya fi yawa, ciyawa za ta fi saurin amsawa. A killace shi, a share gefensa saboda wuta. A fara da kashin shanun da ke jibge a kara, wanda muke takawa kullum ba mu ɗauke shi dukiya ba. Idan damina ta zauna a sa takin zamani sau biyu, ba gaba ɗaya ba, don kada ruwa ya wanke shi. A hana dabba shiga sai ruwa ya narkar da shi, domin yuriya tana kashe saniya in ta lashe ta. Sannan a yanke ciyawar tana ɗanya kafin ta yi kai, a shanya, a ɗaure, a ajiye wa watan Maris da Afrilu.

Ba sabon abu ba ne. A shekarun 1980 masu bincike na ILCA sun yi irinsa da Fulanin kudancin Kaduna, fili mai shinge kamar hekta huɗu, aka shuka stailo, ciyawar da ke tara wa ƙasa naitirojin da kanta kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. In muka haɗa ta da gamba, kuɗin yuriya zai ragu, amma ita ma tana son farar wuta da takin supa.

Kuɗin fa? A ɗora wani abu kaɗan a kan kowane kan sa da ya shiga kara, a rubuta a littafi, ma'aji ya karanta a gaban jama'a duk wata. Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana a taro mai zuwa, kafin ruwan farko ya sauka.